Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Siffofi Ke Haɗuwa Su Rufe Daɓe Babu Giɓi

Duk mai sa tayil ya san akwai siffar da in ka jera ta za ta rufe ɗaki tsaf, akwai kuma wadda ko kwana za ka yi kana jujjuya ta sai ta bar kafa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalili. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ɗalibai, malaman lissafi da masu aikin gini suka fi yi a kan wannan batu.

Mene ne jeren siffofi?

Shi ne a ɗauki siffa ɗaya, ko 'yan siffofi kaɗan, a yi ta jera su har su rufe shimfiɗaɗɗen wuri. Sharuɗɗan biyu ne: kada a bar giɓi, kada kuma wata ta hau kan wata. Masana lissafi suna ƙara na uku, cewa jerin ya zama wanda za a iya ci gaba da shi gabas da yamma, kudu da arewa, ba iyaka. Tayil ɗin ɗaki, intalok ɗin tsakar gida, bulon katanga da saƙar zuma duk suna cikin wannan. Sana'ar ta tsufa ƙwarai. A birnin Uruk da ke ƙasar Iraƙi ta yau, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, magina suna cusa ƙananan turakun yumɓu masu launi a jikin bango, kawunansu su fitar da zanen alwatika mai maimaita kansa.

Me ya sa tayil ɗin kasuwa kusan duk murabba'i ne, sai jefi-jefi a ga mai gefe shida?

Amsar tana mahaɗar kusurwoyi. Ka duƙa ka dubi ɗigon da tayil huɗu suka haɗu a ɗakinka. Kewayen kowane ɗigo digiri 360 ne, ba ƙari ba ragi. Kusurwar murabba'i digiri 90 ce, huɗu suka haɗu suka cika 360, shi ke nan wuri ya rufe.

Yanzu mu ɗauki siffofin da ake kira daidaitattu, wato waɗanda duk gefunansu tsawo ɗaya ne, kusurwoyinsu ma girma ɗaya. Alwatika daidaitacciya kusurwarta digiri 60 ce, shida za su cika 360. Mai gefe shida kusurwarta 120 ce, uku sun isa. Mai gefe biyar fa? Tata 108 ce. Ka haɗa uku, ka sami 324, saura digiri 36 a buɗe. Ka ce bari ka cusa ta huɗu, lissafi ya tafi 432, ta hau kan 'yar'uwarta. Ba dabarar da za ta gyara wannan.

Daga mai gefe bakwai zuwa sama kuwa ba sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. Kowacce kusurwarta ta wuce 120, don haka uku sun yi yawa. Kowacce kuma kusurwarta ba ta kai 180 ba, don haka biyu sun yi kaɗan. Tsakanin biyu da uku babu wata lamba da za a kama. Ke nan daidaitattun siffofin da za su rufe daɓe su kaɗai, ba tare da taimakon wata ba, uku ne rak: alwatika, murabba'i da mai gefe shida.

Ga mai son ya san inda lambobin suka fito: duk siffa za a iya yanka ta alwatika-alwatika daga kusurwa ɗaya, kuma adadin alwatikan kullum ya gaza adadin gefuna da biyu. Mai gefe biyar tana ba da alwatika uku, kowacce digiri 180, jimla 540, a raba wa kusurwa biyar, kowacce ta sami 108.

Dalilin da ya sa murabba'i ya fi sauran biyun kasuwa kuma ba na lissafi ba ne zalla. Ɗakunanmu masu kusurwa huɗu ne, gefen murabba'i yana bin bango sak, yankan bai da yawa.

In aka gauraya siffofi iri biyu ko uku fa?

Sai ƙofa ta ƙara buɗewa. Mai gefe takwas ba ta iya rufe wuri ita kaɗai, domin kusurwarta 135 ce, biyu sun ba da 270. Amma saura nawa? Casa'in, daidai kusurwar murabba'i. Wannan shi ne zanen da ake gani a daɓen tsofaffin gine-gine da dama, manyan tayil farare masu gefe takwas da ƙananan murabba'ai baƙaƙe a tsakani.

Idan aka gindaya sharaɗin cewa duk siffofin daidaitattu ne, kuma abin da ya haɗu a wannan ɗigo shi ne zai haɗu a kowane ɗigo bisa tsari ɗaya, jeri takwas kawai ake samu. Akwai mai alwatika biyu da masu gefe shida biyu, akwai mai alwatika ɗaya da masu gefe goma sha biyu guda biyu, akwai mai haɗa murabba'i da mai gefe shida da mai gefe goma sha biyu. Johannes Kepler, Bajamushen nan masanin taurari, ya zana su a littafinsa na 1619.

Abin lura a nan: cika 360 a ɗigo ɗaya wajibi ne, amma bai wadatar ba. Masu gefe biyar guda biyu da mai gefe goma ɗaya suna ba da 108 da 108 da 144, daidai 360. Ɗigon farko zai rufe lafiya lau. Ka ci gaba da jerawa, kafin ka kewaye siffa ɗaya za ka tarar abin ya cije.

Dole ne sai siffa ta zama daidaitacciya kafin ta jeru?

A'a, kuma a nan ne mutane suka fi mamaki. Kowace alwatika tana jeruwa, komai karkacewarta. Ka yanko biyu iri ɗaya, ka juya ɗaya ƙasa a sama, ka manna su gefe da gefe, za ka sami siffa mai gefe huɗu wadda gefunanta masu fuskantar juna suke tafiya a jere. Irin wannan kuwa sai dai ka yi ta tura ta layi-layi.

Haka nan kowace siffa mai gefe huɗu tana jeruwa, ko da babu gefe biyu da suka yi daidai, ko da ɗaya daga kusurwoyinta ta lotsa ciki. Dalilin shi ne kusurwoyinta huɗu in aka tara su 360 suke bayarwa, ko yaya aka zana ta. Abin da ake bukata kawai shi ne a kowane ɗigo a kawo kusurwa huɗun nan daban-daban su haɗu. Hanyar yi: ka ajiye ta farko, ka kama tsakiyar gefe ɗaya, ka juya siffar rabin zagaye a kan wannan tsakiyar, ka ajiye ta biyu. Ka maimaita a kowane gefe. Wanda bai taɓa gwadawa ba da wuya ya yarda, shi ya sa ya fi kyau ya nemi kwali da almakashi ya gani da idonsa.

Masu gefe shida marasa lotsawa iri uku ne suke jeruwa. Masu gefe bakwai ko fiye, matuƙar babu kusurwar da ta lotsa ciki, babu ko ɗaya.

To mai gefe biyar ba ta da rabo ke nan?

Daidaitacciyar ce ba ta da rabo. Waɗanda aka ɗan karkata suna da shi, kuma labarinsu ya fi na kowace siffa daɗi. A wasu titunan Alƙahira an shimfiɗa duwatsu masu gefe biyar, kowanne da kusurwa biyu masu digiri 90, har masana suna kiran wannan jeri da sunan birnin.

Tambayar da ta ɗauki shekara kusan ɗari ita ce: masu gefe biyar marasa lotsawa da suke jeruwa iri nawa ne? A 1918 Karl Reinhardt a Jamus ya fito da iri biyar. Aka zauna a haka shekara 50, sai Richard Kershner a Amurka ya ƙara uku a 1968, ya kuma ce an gama, babu saura. A 1975 Martin Gardner ya rubuta labarin a mujallar Scientific American. Wani mai karatu, Richard James, ya aiko da na tara, maganar Kershner ta rushe.

Sai ga Marjorie Rice, matar aure mai 'ya'ya biyar a birnin San Diego, wadda karatun lissafinta bai wuce na sakandare ba. Mujallar ɗanta ce take karantawa. Ta ƙirƙiro alamominta na kanta don bin diddigin yadda kusurwoyi ke haɗuwa, tana zane a kan teburin kicin, kuma a 1976 da 1977 ta gano sababbin iri huɗu da ƙwararru suka tsallake. Farfesa Doris Schattschneider ce ta duba aikin ta tabbatar da shi. Rolf Stein ya kawo na 14 a 1985. Na 15 bai fito ba sai 2015, lokacin da Casey Mann da Jennifer McLoud-Mann da ɗalibinsu David Von Derau suka sa kwamfuta ta tace musu. A 2017 Michaël Rao a Faransa ya sa kwamfuta ta bi duk hanyoyin da suka rage, bai sami na 16 ba.

Da'ira fa?

Ba ta jeruwa, domin ba ta da kusurwar da za ta cika giɓi. Amma akwai jeri mai ɓarna da mai tattali. In ka jera da'irori layi bisa layi, yadda kwalabe suke zama a kiret, suna rufe kashi 78.5 cikin 100 na wurin. In ka gocar da kowane layi ya zauna a kwarin na ƙasansa, yadda mai lemu yake jera kayansa a faranti, suna rufe kashi 90.7. A jeri na biyu kowace da'ira tana taɓa shida, kuma in ka matse su har giɓin ya ɓace, masu gefe shida za su fito.

Wai da gaske ne ƙudan zuma sun san lissafi?

Ba sa ƙirga digiri, amma saƙarsu ta dace da amsar da lissafi ya bayar. Kaki abu ne mai tsada a wurin zuma, sai ta sha zuma mai yawa kafin jikinta ya fitar da kaki kaɗan. Ke nan tana bukatar ɗakunan da za su ɗauki ajiya da yawa da bango kaɗan. A ɗauki ɗaki mai faɗin murabba'in santimita ɗaya. In alwatika ne, kewayen bangonsa santimita 4.56 ne. In murabba'i ne, 4. In mai gefe shida ne, 3.72. Bambancin kamar ba yawa, amma a saƙa mai dubban ɗakuna ya zama abin a zo a gani.

Pappus na Iskandariyya ya yi wannan magana tun ƙarni na huɗu, sai dai shi siffofi ukun nan kawai ya gwada. Ko akwai wata siffa mai lanƙwasassun gefuna da za ta fi mai gefe shida tattali? Wannan bai tabbata ba sai 1999, da Thomas Hales ya kawo hujjar cewa babu.

Ba zuma kaɗai ba ce. Ka je bakin kududdufi ko fadama da rani, bayan ruwa ya janye, ka dubi yadda laka ta tsattsage fale-fale. Ka dubi jikin raƙuman dawa na Kure a Nijar. A gaɓar tekun Ayalan ta Arewa akwai ginshiƙan dutse kusan 40,000 da suka samu sa'ad da narkakken dutse ya huce ya tsage, akasarinsu masu gefe shida. Waɗannan ba su kai saƙar zuma daidaito ba, za ka ga mai gefe biyar nan, mai bakwai can, amma ba giɓi.

Me ya sa ƙwallon ƙafa take da masu gefe biyar, alhali an ce ba sa jeruwa?

Domin ƙwallo ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kuma giɓin da ya zama matsala a daɓe shi ne abin nema a jikinta. Ƙwallon nan mai baƙi da fari, wadda Adidas ta yi wa gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, tana da fata 32: baƙaƙe masu gefe biyar guda 12, farare masu gefe shida guda 20. A kowace mahaɗa farare biyu da baƙa ɗaya ne, wato 120 da 120 da 108, jimla 348. Saura digiri 12. In mai ɗinki ya ja gefunan ya haɗe su, wannan giɓin ne yake tilasta fatar ta lanƙwasa.

Mahaɗun 60 ne. Sau 12, ya ba da 720. Ka ɗauki akwati: kusurwa takwas, a kowacce murabba'i uku sun haɗu sun ba da 270, saura 90. Takwas sau 90, 720 kuma. Ba dace ba ne. Duk abin da aka rufe ruf kamar ƙwallo ko akwati, jimlar giɓin kusurwoyinsa 720 ne, kuma René Descartes ya lura da haka tun ƙarni na 17. Masu gefe shida zalla ba sa barin giɓi ko kaɗan, don haka ko dubu ka ɗinka, tabarma za ka samu, ba ƙwallo ba.

Me ya sa wannan fasaha ta fi bunƙasa a gine-ginen Musulmi?

Dalilin da aka fi ambata shi ne guje wa zanen masu rai a masallatai da makarantu, wanda ya karkata hankalin masu ado zuwa rubutu, ganye da siffofi. Gaskiya ne, amma rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne a Bagadaza an fassara littattafan lissafin Girkawa an kuma ƙara a kansu, kuma malamai suna zama da masu sana'a. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya rubuta littafi sukutum a kan abin da mai sana'ar hannu yake bukata na ilimin siffofi.

A birnin Fas na Maroko har gobe ana aikin zallij. Ana gasa tayil mai launi ɗaya, a zana siffa a kansa, sannan mai sara ya zauna da guduma mai kaifi yana fitar da taurari da 'yan gutsattsari ɗaya bayan ɗaya. Wurin haɗawa ne abin kallo: a kife ake jera su a ƙasa, launin yana kallon daɓe, mai jerawa ba ya ganin zanen da yake yi, da ka yake riƙe da shi. In ya gama sai a zuba siminti ko farar ƙasa a bayansu, ya bushe, a ɗaga allon gaba ɗaya. Sai a lokacin ake ganin ko an yi kuskure.

A fadar Alhambra da ke Garnaɗa a Andalus, bangaye cike suke da irin wannan. Can ne mai zanen nan ɗan Holan, M. C. Escher, ya je a 1922 ya kuma koma a 1936, ya kwafi zanen bangon, daga baya ya mayar da siffofin suka zama tsuntsaye, kifaye da ƙadangaru masu shiga jikin juna.

A Iran da Asiya ta Tsakiya kuma akwai salon girih, mai taurari masu tsini goma. A 2007 Peter Lu da Paul Steinhardt sun nuna cewa za a iya fitar da waɗannan zane-zane masu rikitarwa daga siffofi biyar kacal, duk gefunansu tsawo ɗaya, kowacce da layukan da aka ja a kanta. In aka jera su, layukan su haɗu, iyakar siffofin ta ɓace. Sun kuma nuna cewa zanen hubbaren Darbi Imam a Isfahan, ginin 1453, ya yi kusa ƙwarai da jerin da ba ya maimaituwa, wanda Turawa ba su gano ba sai bayan shekara 500. Wasu suna zuzuta wannan har su ce magina na wancan zamani sun san duk ƙa'idar. Abin da bango ya nuna shi ne sun iya yi, kuma wannan ma ya isa abin alfahari ba sai an ƙara gishiri ba.

Zane nawa ne za a iya yi? Ba su da iyaka ne?

Zane ba shi da iyaka, amma hanyoyin maimaita shi suna da ita. Ana iya tura zane gaba, a juya shi, a kife shi kamar a madubi, ko a kife sannan a tura. Duk zanen da ke maimaituwa tsaye da kwance, na atamfa ne, na shadda ne, na bango ne, yana bin ɗaya daga tsari 17. Evgraf Fedorov na Rasha ne ya tabbatar da haka a 1891. Juyin da ake iya samu a cikinsu rabin zagaye ne, ko sulusi, ko rubu'i, ko sudusi. Babu na kashi biyar. Ana yawan cewa duk 17 ɗin suna Alhambra, amma masanan da suka je suka ƙirga ba su yi ittifaƙi a kai ba, wasu lissafinsu bai kai 17 ba.

A sana'o'inmu na gida akwai irin wannan?

Akwai, sai dai a bambance. Saƙar tabarma jeri ne na sosai: kaba ɗaya sama ɗaya ƙasa tana ba da murabba'ai, in aka tsallake biyu-biyu ana gocewa kuma sai layuka masu karkata su fito. Mai ɗinkin hula yana fama da wata matsalar da mai tayil bai san ta ba, domin zanensa zagaye kai zai yi ya dawo ya haɗu da farkonsa. In bai raba kewayen hular daidai da faɗin zanen ba, wurin haɗin zai tona masa asiri. Tela ma haka, in yana haɗa atamfa mai manyan zane.

Adon bangon gidajen Zariya, Kano da Damagaram kuwa akasarinsa zane ne mai zaman kansa, kamar dagi, ba siffa ɗaya da ke rufe bango duka ba. Tubalin gargajiya shi ma ba ya jeruwa da kansa, mulmulalle ne mai tsini, ƙasar gini ce take cike tsakaninsa.

Akwai siffar da take rufe wuri amma zanenta bai taɓa maimaituwa ba?

A nan gizo ke saƙar. A fahimci tambayar tukuna. Jera tayil a hargitse ba wuya, kowa zai iya. Abin da ake nema shi ne siffofin da ko ka so ka maimaita zanen ba za su yarda ba, duk yadda ka jera su, ba za ka taɓa iya ɗaga shimfiɗar ka tura ta gaba ta zauna daidai a kan kanta ba.

A 1961 Hao Wang ya yi hasashen babu irin wannan. Ɗalibinsa Robert Berger ya ƙaryata shi da tarin siffofi 20,426. Aka yi ta ragewa, Raphael Robinson ya kawo su shida a 1971, sannan Roger Penrose na Ingila ya kawo su biyu a shekarun 1970. A jerin Penrose taurari masu tsini biyar suna ta bayyana, kowane ɗan yanki ka zaɓa za ka sake samunsa a wani wuri, amma shimfiɗar gaba ɗaya ba ta maimaituwa. An shimfiɗa shi a ƙofar sashen lissafi na Jami'ar Oxford. A 1997 har kotu aka je, da aka ga zanen a jikin takardar banɗaki ta wani kamfani.

Daga biyu zuwa ɗaya sai da aka yi kusan shekara 50. Wanda ya samo ta shi ne David Smith, tsohon ma'aikacin ɗab'i mai ritaya a yankin Yorkshire, wanda wasa da siffofi abin sha'awarsa ne kawai. A ƙarshen 2022 ya ci karo da wata siffa mai gefe 13, ya yanka ta da yawa a kwali, ya yi ta jerawa, bai ga ta cije ba, bai kuma ga ta maimaita ba. Ya tuntuɓi Craig Kaplan, suka jawo Joseph Myers da Chaim Goodman-Strauss, a watan Maris na 2023 suka fitar da hujja. Suka sa mata suna hula, don ta yi kama da malafa.

Nan take aka yi musu ƙorafin da duk mai sa tayil zai gane: sai an kife wasu daga cikin hulunan kafin jerin ya tafi, tayil kuwa fuska ɗaya gare shi, ke nan iri biyu za a gasa. Ba a rufa wata uku ba, a watan Mayu, mutum huɗun suka fito da wata siffar da ba ta bukatar kifewa.

Ban da ado, wane amfani wannan yake da shi?

A ranar 8 ga Afrilu, 1982, Dan Shechtman yana duba wani gaurayen alminiyam da manganis a na'ura, sai ya ga ƙwayoyin zarrarsa sun jeru da juyi na kashi goma, abin da littattafai suka ce ba zai yiwu ba. An yi masa dariya, Linus Pauling mai lambar Nobel biyu ya yi ta sukarsa har ya mutu. Ashe ƙwayoyin sun jeru ne irin jerin Penrose. A 2011 aka ba Shechtman lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai.

Madubin hangen taurari na James Webb, da aka harba a Disambar 2021, faɗinsa mita 6.5 ne, ba zai shiga roka a buɗe ba. An yi shi da madubai 18 masu gefe shida, aka naɗe, ya buɗe a sama. Injiniyoyin wayar salula suna raba gari gida-gida masu gefe shida a taswira in suna tsara inda za a kafa eriya. Duk mutum ko motar da ka gani a wasan kwamfuta kuma, dubban ƙananan alwatika ne aka jera aka lulluɓe da launi.

Ni tayil zan sa a ɗakina. Guda nawa zan saya?

A ce ɗakin mita 4 ne da mita 3, wato murabba'in mita 12, tayil ɗin kuma santimita 40 da 40. Kowanne yana rufe murabba'in mita 0.16, a raba, ya ba da 75. Amma dubi yadda za su zauna: ta tsawon 10 ne cif, ta faɗin kuwa bakwai da rabi. Layin ƙarshe rabi-rabi ne guda 10. In mai aikin ya yanka biyar ya yi amfani da duka ɓangarorin, 75 ɗin sun isa. In yana yankawa yana yar da saura, 80 za su tafi. Ga wanda zai fashe, ga na gefen bango. Shi ya sa ake ƙara kamar kashi 10 cikin 100, in kuma a karkace za a jera, a ƙara fiye da haka, domin kowane bango sai an yi masa yanka. Ka ajiye ragowar, launin da ka saya bana ba lalle ka same shi baɗi ba.

Kada ka yarda da bango. Ɗakuna da yawa kusurwarsu ba 90 ba ce cif, kuma wanda ya fara jeri daga jikin karkataccen bango zai ga layi yana gudu har ya isa ƙofa. Ƙwararru suna ja igiya biyu su gicciye a tsakiyar ɗaki, su auna santimita 60 a ɗaya, 80 a ɗayar, in tsakanin alamun biyu ya ba da 100 to kusurwar ta daidaita.

Giɓin da ake bari tsakanin tayil kuma ba sakaci ba ne. A takarda siffofi ba su da kauri kuma ba sa jin zafi. Tayil na gaske yana ɗan buɗewa da zafi, girmansa ma yakan saɓa da ɗan kaɗan daga wannan zuwa wancan. Wanda aka matse ba sarari shi ne wata rana za a ji ya yi ƙara ya tashi tsakiyar falo.

Intalok kuma, in mota za ta riƙa hawa, a jera shi salon ƙashin kifi, wannan a tsaye wannan a kwance suna cizon juna. Ba a barin dogon layi miƙaƙƙe da taya za ta tura. Dalili ɗaya ne da wanda ya sa birkila ba ya ɗora bulo daidai kan bulo, yake gocewa da rabi don kada tsaga ta sami hanya daga sama har ƙasa.

Yaya zan ƙirƙiri siffata, ko in koya wa yara?

Ka yanko murabba'in kwali. Daga gefen hagu ka yanke wani yanki, kowane irin lanƙwasa kake so, ka tura shi kai tsaye zuwa gefen dama ba tare da ka juya shi ba, ka manna da salatif. Ka yi haka daga ƙasa zuwa sama. Abin da ka cire nan ka mayar can, don haka faɗin bai canja ba, kuma ƙullutun wannan zai shige lotsawar maƙwabcinsa daidai. Haka aka fitar da yawancin siffofin intalok. Ka ɗora a takarda ka zagaye da fensir, ka matsa, ka sake zagayewa, yara su sa ido da baki su ga ko kifi ne ko tsuntsu.

In aji ne, ka fara da abin da zai ba su mamaki. Kowane yaro ya zana siffa mai gefe huɗu mafi muni da zai iya, ya ninka takarda ya yanko goma sha biyu iri ɗaya, ya sa wa kusurwoyin lamba 1 zuwa 4, sannan ya jera su yadda lambobin huɗu za su haɗu a kowane ɗigo. Bayan sun ga ta rufe, ka raba musu daidaitattun masu gefe biyar ka ce su yi haka, kada ka gaya musu komai. Ma'aunin kusurwa sai sun fara gardama za ka fito da shi.